Rasuwar Gajere, Mai Maɓalli Goma Sha Bakwai

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, ni Yael Pwajok, mai rubuta wa kwayar cocinmu da ke Jenta waƙoƙi, nake sanar da 'yan'uwa mawaƙa, da abokan arziki, da ma waɗanda ba sa sanin darajar abu sai ya salwanta, rasuwar abokin aikina Gajere. Ya cika ranar Laraba da la'asar a kan teburin Malam Mustapha mai gyara a Anguwan Rogo, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa goma sha ɗaya a hannuna. Shekarun da ya yi a ƙasar Turawa kafin ya faɗo cikin kayan gwanjo kuwa, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan ƙaramin kibod ne na lambobi, baƙi, bai wuce tafin hannu ba, da igiyarsa da ake soka wa kwamfuta. Maɓallansa goma sha bakwai, kuma babu na ado a cikinsu. A shagon Onyedikachi na same shi, kusa da Taminos, kwance a ƙasan kwali tsakanin matattun caza. Onyedikachi ya ce mini, "Madam, wannan na masu banki ne, me za ki yi da shi?" Na ce ya sa mini a leda. Ban tsaya yi masa bayani ba, don ba kowane kunne ake ɓata wa yawu ba.

Shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a wani ofishin gwamnati a Vom kafin na yi ritaya. A can aka koya mana cewa mai kallon yatsunsa bai iya aiki ba. Da na koma rubuta waƙa a kwamfuta, da wannan tarbiyyar na shiga. Waƙa a rubuce ɗigo-ɗigo ce a kan layuka biyar, kowane ɗigo muna kiransa nota, kuma kowace nota tana bukatar abu biyu: wace murya ce, da tsawon lokacin da za a riƙe ta. Hannuna na hagu yana kan haruffan kwamfuta yana faɗin murya. Na dama yana kan Gajere yana faɗin tsawo. Lamba huɗu bugu ɗaya, biyar bugu biyu, uku rabin bugu, sifili kuma shiru. Don kada baƙo ya rikice, na ɗiga wa waɗannan maɓallai jan farce, kowanne da alamarsa. Ni dai ban taɓa duban su ba. Idona yana kan allo, kunnena yana kan mai waƙa.

Marigayin ba shi da surutu. Duk maganarsa ƙas, ƙas, ƙas-ƙas, sai babban maɓallin gefe da ke ƙulla nota da 'yar'uwarta, wanda ke cewa tak, kamar an rufe kwano. Bai taɓa neman batir ba. Bai taɓa cewa sai an sabunta shi kafin ya yi aiki ba. Sanyin Disamba da ke ƙandarar da yatsu a garin nan bai taɓa hana shi amsawa ba. Sau biyu yana faɗowa daga keke a hanyar Bukuru, ya tashi ya kakkaɓe ya ci gaba da aiki.

Ya zama dole in ambaci mutanen da marigayin ya rayu a cikinsu, wato masu rubuta waƙa da maus. Na gan su da idona, kuma ina roƙon Ubangiji ya yafe mini abin da na ji a raina. Mutum zai ja hannu zuwa gefen allo ya ɗauko nota ɗaya, ya jawo ta a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, ya ajiye ta a layin da ba nata ba, ya goge, ya koma ya sake ɗaukowa. Harshe a waje, hanci a jikin gilashi. Kafin ya gama layi ɗaya an dafa gwate an ci an wanke tukunya. In ya kammala shafi sai ya miƙe yana miƙa, yana jiran a yi masa sannu. Mai ɗiban ruwa da murfin kwalba ma yana cika randa wata rana, amma ba a kiransa mai aikin ruwa.

Babban aikin da marigayin ya yi a duniya shi ne na Baba Linus. Duk wanda ya yi waƙa a cocinmu cikin shekara arba'in da suka wuce, a hannun Baba Linus ya koya. Waƙoƙi arba'in da uku ya tsara da Hausa, kowace da murya huɗu, wato sofrano da alto da teno da bas, kuma bai taɓa rubuta ko ɗaya cikakkiya ba. Duk suna cikin kansa. Bara da damina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, amma muryarsa ta koma rawa, numfashinsa ya gajarta. 'Yarsa Klaudiya, wadda ke jinyarsa, ta zo har gida ta same ni.

"Mama, Baba ya ce ki zo da injinki. Ya ce kayan mutane ne a kansa, yana so ya sauke."

Muka fara, sau uku a mako, da hantsi, a ɗakinsa da ke Kabong. Wasu masu wayo sun ce me ya sa ba a ɗauki muryarsa a waya kawai ba. An ɗauka. Wanda ya saurari abin da aka ɗauka zai ji tsoho yana laluben murya, yana hawa inda ya so sauka. Abin da ke kansa daidai ne, maƙogwaron ne ya daina biyayya. Sai na rubuta, kwamfuta ta kaɗa masa, sannan ya ce, "A'a, ɗiyata, ɗaga wannan kaɗan." Kuma ba ya wuce gaɓa ɗaya ta waƙa, wato ɗan yanki mai bugu huɗu, sai ya ji ta zauna. Ƙarfinsa duka na minti ashirin ne, wani lokaci ashirin da biyar. Daga nan sai kansa ya sunkuya, Klaudiya ta yi mini alama da ido in tattara.

Cikin wannan minti ashirin Gajere yake rubuta waƙa guda da muryoyinta huɗu. Baba yana rerawa, ƙas-ƙas na bin sa a baya kamar ɗan rakiya, kafin ya ja numfashi na biyu har na kaɗa masa abin da ya faɗa. Wata rana ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi ya ce, "Wannan ɗan baƙin ya fi duk 'yan alto ɗina jin magana." Waƙa arba'in da biyu muka sauke a haka. Saura ɗaya.

A nan ne Hyginus ya shigo labarin, kuma zan yi ƙoƙari in ambace shi da ladabin da ya dace da takardar rasuwa. Hyginus shi ne sabon shugaban kwaya da kwamiti ya naɗa bayan ciwon Baba. Ya je kwas na mako shida a Legas, ya dawo da takardar shaida a cikin firam, da sandar kaɗa hannu a cikin akwatinta, da maus mai fitila wanda yake goge shi da hankici. Tun ranar da ya ga Gajere ya tsane shi. A gaban kwaya ya ɗaga shi da yatsa biyu ta igiya, kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Mama Yael, wannan kalkuleta fa? Duniya ta wuce nan. Yanzu komai kilik ne."

Na ce, "To, ɗana. Ga waƙa nan gaɓa talatin da biyu a littafi. Zauna da naka, in zauna da nawa."

'Yan kwaya suka kewaye mu. Na gama cikin minti shida, na kaɗa musu, suka bi da baki. Na leƙa allonsa, yana gaɓa ta tara, a murya ta farko, kuma uku daga cikin notocinsa sun sauka a layin maƙwabta. Ya ce maus ɗinsa bai saba da teburin ba. Wata 'yar sofrano ta tambaye shi ko a kawo masa wani teburin. Ban yi dariya ba. Na naɗe igiyata na sa a jaka.

Inda na yi kuskure, zan faɗa, don ba na son a ce na rufe nawa. Bayan mako biyu, ranar Lahadi da aka tashi sujada, ya tare ni a bayan coci inda babu kowa. Ya sassauta murya.

"Mama, a ba ni aron abin nan na kwana ɗaya. Ina so in gwada."

Daɗi ya kama ni. Na ga mai girman kai ya rusuna, na ɗauka tuba ce. Na ce ya zo gida in nuna masa yadda ake sa hannu. Ya ce ba sai na wahala ba, zai gane da kansa. Mutumin da ya fi son ya lalata abu a ɓoye da a gan shi yana koyo wurin tsohuwa, shi na miƙa wa abokin aikina da hannuna.

Ranar Litinin ya dawo da shi a cikin sabuwar leda, yana murmushi. Tun kafin in buɗe na ji wari.

"Na ga duk ya yi datti da wani jan abu, sai na wanke miki shi da tina. Dubi yadda yake ƙyalli."

Tina ta masu fenti. Ba a tsumma ya ɗiga ba, tuttula ta ya yi a kai. Jan farcen ya tafi, lambobin ma sun tafi, fuskar maɓallan ta yi fari-fari kamar ta mai ƙyasbi. Ya tsaya yana jiran godiya. Na dube shi, na dubi takalminsa mai tsini, na ce ya gaida gida.

Ciwon ya fara a daren farko da maɓalli na huɗu, wanda ya riƙa maƙalewa. Kashegari na uku ya daina amsawa. Zuwa Laraba marigayin ya fara sambatu: ba a taɓa shi ba sai ya riƙa zuba shiru a kan layi, sifili bayan sifili, har shafi ya cika da hutu. Na koma wurin Onyedikachi. Ya juye kwalaye uku bai samu irinsa ba, ya ce zai sa a ɗoro wani a mota daga Legas. Na zaga shaguna har Farin Gada. Masu shago suna miƙo mini maus kala-kala, suna cewa wannan ya fi kyau.

Na hau keke na kai shi Anguwan Rogo wurin Malam Mustapha, wanda ya taɓa ceto kwamfutata daga ruwan sama. Ya kwance shi, ya ɗaga wata 'yar fatar roba da ke ciki ya duba a hasken ƙofa, ya shinshina.

"Madam, wa ya yi masa wannan aika-aika?"

Na ce, "Wani mai takardar shaida."

Ya girgiza kai. "Tina ta cinye hanyoyin wutar. Ki bar shi, zan gwada ɗinke su ɗaya-ɗaya. Amma kada in yi miki ƙarya."

Ranar Alhamis lokacin zuwa wurin Baba ya yi, kuma waƙar da ta rage ita ce wadda ya ajiye ƙarshe da gangan. Ya tsara ta shekarar da matarsa ta rasu, aka rera ta sau ɗaya a bakin kabari, bai sake bari an taɓa ta ba. Waɗanda suka rera ta a ranar, wasu sun mutu, sauran sun manta. Klaudiya ta ce kwana biyu yana gunguninta, kada in ɗaga.

Na je da kwamfuta kaɗai. Na gwada lambobin da ke jere a saman haruffa, hannaye biyu suka cushe wuri ɗaya, yatsun da suka shekara goma sha ɗaya suna sanin hanyarsu suka riƙa faɗawa gidan wasu. Dole na sunkuyar da kai ina kallonsu, ni Yael. Da abin ya ƙi, sai na ciro maus daga ƙasan jaka. Na zama abin da nake rainawa, har da hanci a jikin gilashi.

Baba ya rera layi, ya jira. Ya sake rerawa, ya jira. Ya ce, "Ina ɗan baƙin?"

Na ce, "Ba shi da lafiya, Baba."

Ya ce, "Mu biyu ke nan."

A ranar muka samu sofrano da rabin bas. Asabar muka ƙarasa bas, muka yi alto. Litinin muka shiga teno, muryar da Baba ya fi ji da ita, wadda kullum yake barin ta ƙarshe don sai ya ji sauran ukun a ƙarƙashinta take fito masa. Waƙar gaɓa ashirin da takwas ce. Muna ta goma sha tara na ajiye nota a layin da ba nata ba, na goge, na koma ɗaukowa. Kafin in dawo kansa ya sunkuya. Klaudiya ta dube ni. Baba ya ɗaga yatsa ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Alhamis."

Ranar Talata da safe ciwon ya sake bugunsa. Yana raye, yana gane mutane, yana matsa hannu in an gaishe shi. Magana da waƙa dai sun tafi, kuma likita bai ba da fata ba. Ranar Laraba Malam Mustapha ya kira ni. Na same shi ya soka Gajere a kwamfutarsa. 'Yar koriyar fitilar ta kama, ta yi ƙyafta biyu, ta mutu. Ya cire hularsa ya share goshi.

"Sai haƙuri, Madam. Na yi iya yina."

Aikin zama ɗaya ne. Da Gajere na nan, da tun Alhamis ta farko waƙar ta sauka duka, Baba ya ji ta da kunnensa, har a samu rarar minti biyar a sha shayi. Gaɓa tara ta rage. Na lissafa da agogo abin da za ta ci a hannun marigayin: bai kai minti biyu ba.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfuta ɗaya, wadda ramin gefenta na dama ya zama wayam. Ya bar hannuna na dama, wanda har yanzu yake sauka a kan tebur yana neman huɗu. Ya bar waƙa arba'in da biyu cikakku, da ɗaya gurguwa. Ya bar magaji, wanda ya sauka daga motar Legas ranar Alhamis, kwana ɗaya bayan rasuwa, yana walƙiya da fitilu ja da shuɗi kamar motar amarya. Ba laifinsa ba ne, kuma zan yi aiki da shi, amma ban ba shi suna ba tukuna. Ya kuma bar maus guda a ƙasan jaka, wanda ba ya cikin dangi, kuma an gaya masa.

Iyalan suna godiya ga Malam Mustapha, wanda ya rufe shago ya rako gawar har bakin titi. Suna godiya ga Klaudiya. Sun kuma samu saƙon Hyginus, wanda ya zo gida ranar Juma'a da lemun kwalba biyu, ya ce abin ya dame shi ƙwarai, sannan ya ƙara da cewa:

"Mama, gaɓa tara ce kawai. Ni zan iya cike ta. An koya mana dokokin a kwas, ba wanda zai gane bambanci."

Na kai maganar gaban Baba, don waƙarsa ce ba tawa ba. Klaudiya ta riƙe hannunsa mai motsi, ta ce in ya yarda ya matsa sau ɗaya, in bai yarda ba sau biyu. Na faɗi abin da Hyginus ya ce, kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba. Klaudiya ta ɗan yi ƙara, ta zare hannunta tana yarfewa.

"Mama, sau biyu. Har ya kusa karya mini yatsa."

Ga tsarin jana'iza. Za a ɗauko gawar daga gidana ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a cikin akwatin da wani kafinta a kasuwar Katako ya haɗa da guntun katako, ya ce bai taɓa yin ƙarami kamarsa ba. Za a binne shi a bayan gida, gefen kunyar dankali, da igiyarsa a naɗe yadda ya saba. Ba a bukatar furanni. Ba a bukatar jawabi daga kwamiti. Masu maus suna iya zuwa, amma su tsaya a baya, kuma su taso da wuri tunda an san tafiyarsu.

Daga nan kwaya za ta wuce Kabong, ta tsaya a tsakar gidan Baba Linus, a buɗe masa taga. Za a rera waƙa ta arba'in da uku kamar yadda take a takarda. Sofrano da alto da bas za su kai ta har ƙarshe. 'Yan teno za su rera zuwa gaɓa ta goma sha tara, sannan su rufe baki su tsaya a miƙe har a gama. Duk wanda ya yi gunguni don ya toshe gurbin, ni da kaina zan fitar da shi daga layi.

Hyginus ɗan teno ne. An ware masa wuri a sahun gaba, daidai tagar, inda Baba zai iya ganinsa. Ba zai riƙe sanda ba a ranar. Aikinsa ya ƙirga gaɓa tara a zuciyarsa, bugu huɗu-huɗu, bakinsa a rufe.

Ubangiji ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma tsare sauran kayanmu daga masu taimako.

Yael Pwajok,
a madadin iyalai.